Ƙwan fitila ɗaya bai wadatar da ɗakin kwana ba

Ɗakunan kwana da dama a Wudil, har da na haya da ɗaliban Jami'ar Aliko Dangote ke kamawa, farin ƙwai ɗaya ake rataya musu a tsakiyar silin, kuma a ganina wannan kuskure ne. Da asuba ana bukatar haske mai ƙarfi domin karatun Alƙur'ani da shirin fita, balle ranar Juma'a da ake sammakon kasuwar shanu. Da dare kuwa, farin haske mai kaifi yana jinkirta fitowar melatonin, sinadarin da ke jawo barci, sai mutum ya yi ta juyi a katifa. Fitila biyu ya kamata: fara a sama, ƙarama mai ruwan ɗorawa a gefen gado. Za a ce wuta ba ta tsayawa, kuɗi kuma ya yi wuya. Gaskiya ne, amma ƙwan LED mai wat 5, ko fitilar sola da ta sha rana, ya isa, har uwa ta shayar da jariri ba ta tada kowa ba. Masu gini su riƙa sa makunni biyu tun lokacin jan waya, domin fasa bango daga baya ya fi tsada.