Adon gidajen bakin teku a Lamu: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

Jama'a, duk mai shiga Instagram ko Pinterest ya san hotunan nan na gidajen bakin teku: bango fari fat, gado mai dogayen ƙafafu da farin labule, tabarma shimfiɗe a ƙasa, rufin ganyen kwakwa, ƙofar katako mai sassaƙa, ga shuɗin ruwa yana leƙowa ta taga. Mu da ƙasarmu ba ta taɓa teku ko ta kusurwa ɗaya ba, muna cikin masu saurin danna musu alamar so, mu rubuta "Allah ka ba mu". Ni ma ina ganin kyansu. Abin da nake so mu duba yau shi ne wa ya ƙirƙiri wannan kyau, kuma wa ke cin moriyarsa.

Bari in ɗauki wuri guda, tsibirin Lamu a gaɓar tekun Kenya, domin da yawa daga cikin hotunan da ake wa laƙabi da "salon Sawahili" can aka ɗauke su, ko kuma can aka kwaikwayo. Tsohon garin Lamu garin Musulmi ne mai ɗaruruwan shekaru, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Lungunansa matsattsu ne, jakuna ke ɗaukar kaya. Kilomita 3 daga nan akwai ƙauyen Shela, mai dogon bakin ruwa na farin rairayi, inda attajiran Turai suka daɗe suna sayen tsofaffin gidaje suna gyarawa.

Duk abin da ka gani cikin gidan Lamu yana da dalili. Bangon da dutsen murjani na teku ake gina shi, a ɗaure shi da farar ƙasa wadda ake samu idan an ƙona shi wannan dutsen. Yana da kauri, zafin rana ba ya ratsa shi da wuri, kuma farar ƙasar tana barin laima ta fita. In aka shafe irin wannan bango da siminti, laima da gishiri sai su maƙale a ciki su dinga cin dutsen. Masu gyaran tsofaffin gine-ginen Zanzibar sun ga wannan ɓarna da idonsu. Ɗakunan dogaye ne marasa faɗi, saboda sandunan rufin, waɗanda ake kira boriti, daga itacen mikoko ake saro su, itacen da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, kuma tsawonsu bai cika wuce mita 3 ba. Wanda ya san yadda azara ke yanke wa maginin soro faɗin ɗaki a Zinder zai gane wannan nan take.

A ƙofar gida akwai rumfa mai dakali da ake kira daka, inda maigida ke karɓar baƙi maza, aikin da zaure ke yi a wurinmu. Sai tsakar gida, sannan ɗakuna a jere, kowanne ya fi na gabansa duhu da sanyi da sirri. A can ƙurya ake yin zidaka, wato ƙananan alkukai masu yawa da aka tsara cikin bango da farar ƙasa, inda matar gida ke jera tangaran na Sin da littattafai, kamar dai jeren amarya. Iska kuwa lissafinta ake yi: kaskazi na kaɗowa daga arewa maso gabas wajen Disamba zuwa Maris, kusi na zuwa daga kudu a tsakiyar shekara, kuma lungu da tsakar gida da baranda duk don su aka fasalta su. Ƙarfe ba ya shiri da iskar teku, tsatsa ke cinye shi, shi ya sa kayan ɗaki katako ne da igiya da saƙar ganye. Kujerar alfarma da ake kira kiti cha enzi, mazauninta da majinginarta saƙar zare ne, iska na bi ta bayan mai zama.

To, wannan ilimi ne na magina da masassaƙa da mata masu saƙa, sun gada kaka da kakanni. Amma ku lura da rubutun da ke ƙarƙashin hoton. Za ka ga sunan mai gidan, da sunan ƙwararriyar da ta zo daga Landan ko Milan ta "tsara" ɗakin, wani lokaci har da sunan kamfanin da ya yi matashin kai. Shi fundi, wato gwanin da ya yi makonni yana goge bango har ya yi santsi kamar ƙwai, ba kasafai ake ambatonsa ba. Matar da ta saƙa tabarmar ma haka. An biya su ladan kwanakin aiki an sallame su, gidan kuwa ana ba da hayarsa da dala kowane dare, shekara da shekaru, kuma aikin hannunsu ne ke jawo masu hayar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai kuma abin da hoto ba ya ɗauka. Idan masu kuɗin waje suka yi rububin gidajen ƙauye ɗaya, farashi sai ya wuce ƙarfin ɗan gari. Magada su sayar, su raba kuɗin, su koma bayan gari cikin ginin bulo da kwano, inda zafin ya fi. Gidan kakansu ya zama masaukin hutu, a rufe yake watanni da yawa, mai gadi da kuku ne kawai a ciki. Alkukan da amarya ke jera kayanta sun koma wurin ajiye kyandir mai ƙamshi. Ruwan sha na tsibirin kuwa yana kwance ne ƙarƙashin tuddan rairayi na Shela, ruwan sama ne da yashi ya riƙe, kuma in aka zuƙe shi fiye da kima ruwan gishiri ke maye gurbinsa. Duk pisin ɗin wanka da ka gani yana ƙyalli a tsakar gida, ka tambayi kanka daga wace rijiya aka cika shi.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba ƙarya suka yi ba. Gidaje da yawa na Lamu da Shela sun kama hanyar rushewa kafin masu sayen su zo, domin gyaran ginin murjani yana da tsada. Kuɗin baƙi ya sa samari sun koma koyon sassaƙar ƙofa da aikin farar ƙasa, sana'o'in da siminti ya kusa kashewa. Otal da gidajen haya suna ciyar da iyalai. Duk na yarda. Sai dai sana'ar da ba ta da mai saye sai baƙo, rayuwarta a hannun baƙon take. Da aka samu matsalar tsaro a yankin a 2011 da 2014, ƙasashen Turai suka gargaɗi mutanensu, baƙi suka janye, aiki ya tsaya. Kuma ceton gini bai cika ba idan mutanen da ginin ya dace da rayuwarsu ba sa iya kwana a ciki.

Abin da nake ganin ya kamata ba mai wuya ba ne. Duk mujalla ko shafin da zai wallafa irin wannan ɗaki ya rubuta sunan magini da masassaƙi da masaƙiya kamar yadda yake rubuta na mai tsarawa, domin suna shi ke kawo aiki na gaba da farashi mai kyau. Masu sana'a su haɗa kai su tsayar da farashi tare. Hukuma ta kare tuddan ruwa da hanyar da masunci ke bi zuwa jirginsa, ta ware wani kaso na harajin gidajen hutu don taimaka wa ƴan gari su gyara nasu. Mutanen Lamu ba baƙin gwagwarmaya ba ne: a 2019 ƙorafin da ƙungiyar Save Lamu ta shigar ya sa kotun muhalli ta Kenya ta soke lasisin tashar lantarki mai aiki da kwal da aka so ginawa a yankin. Wanda ya iya wannan zai iya tambayar wa ke shan ruwan Shela.

Mu kuma da ke kallo daga Maradi da Tahoua da Yamai, akwai namu rabon. Wani ya ga hoton, ya gina bila ta siminti da manyan gilasai masu kallon yamma, ya rataye faifai uku a bango, ya ce ya yi salon bakin teku. Kuran na ɗaukewa a watan Afrilu, falon ya zama tanderu. Ya kwafi launin, ya bar lissafin. Maginin Lamu ya fara ne da tambayar daga ina iska ke zuwa, me ƙasar nan ke bayarwa, wa zai zauna a ɗakin. Idan muka yi wa namu yanayin waɗannan tambayoyi, amsar za ta kai mu wurin bango mai kauri, inuwa, tsakar gida, da masu sana'ar da ke kasuwarmu. Ranar da ka je sayen tabarmar kaba ko kujerar saƙa don ka ƙawata falonka ka ɗora a Facebook, kada ka taya ta kamar kana yi wa mai ita alfarma. Ka biya kuɗin da ya dace da kwanakin da aka yi ana saƙawa, ka tambayi sunan wadda ta saƙa, in ta yarda ka rubuta shi a ƙarƙashin hoton.