Ga mai aiko wa yaro bindigar iska daga Turai

Duron kaya idan ya iso Tema daga Hamburg ko Landan ko Bronx, a da man girki ne a ciki da takalma da waya. Yanzu an soma cusa bindigar iska, wai kawu ya ga ɗan ƙanwarsa ya girma, danƙo ya yi masa kaɗan. Ina ganin hotunan a WhatsApp, ina kuma jin tambayar da ke biyo baya kullum: wacce ta fi ƙarfi, kuma wa ya iya ƙara mata wuta? Ni a ganina tambayar ce a karkace. In har sai an saya wa yaro, to a sayi mafi rauni da ta dace da jikinsa, kuma kada wanda ya buɗe cikinta.

Mu duba ƙasashen da ake sayo ta. A Jamus, wadda ake sayarwa ba lasisi ƙarfinta bai wuce jul 7.5 ba, ana buga mata harafin F a cikin zane mai kusurwa biyar, kuma sai mai shekara 18 ake sayar wa. A Ingila iyakar ta kai kusan jul 16, amma yaron da bai kai 14 ba ba ya harbi sai babba mai shekara 21 ko fiye yana tsaye a kansa. Sukotland ta fi kowa tsanani: tun ƙarshen 2016 sai da lasisi, kuma abin da ya tunzura wannan doka shi ne mutuwar wani yaro ɗan shekara biyu, Andrew Morton, da aka harba a kai da bindigar iska a Glasgow a 2005. Mutanen da ke ƙera abin nan ba su ɗauke shi kayan wasa ba. Mu da aka aiko wa ne muke miƙa wa yaro kamar goron Sallah.

Lissafin ba wuya. Ƙwayar dalma mai kaurin milimita 4.5 nauyinta kusan rabin giram ne. A bindigar Jamus ɗin nan mai rauni, tana fita da gudun kusan mita 170 a daƙiƙa ɗaya. Wannan ya isa ya huda gwangwani, ya isa ya tsiyaye ido har abada. To me za a yi da ƙari? Gasar harbi ta Olamfik ma a mita 10 ake yi, da ƙwayar milimita 4.5, kuma ba ƙarfi ake nema ba, saiti ake nema.

Batun zaɓi kuwa, mutane na ruɗuwa da lambobin da ke jikin kwali, ƙafa 1,000 ko 1,200 a daƙiƙa. Galibi da ƙwaya mara nauyi aka auna, don talla. Irin waɗannan manyan masu karyewa a tsakiya, babba ma sai ya yi nishi kafin ya ɗana su. Yaro ɗan shekara 12 zai dafa ta da gwiwa, hannu ya zame, bututun ya koma da ƙarfi ya daki fuska ko ya datse yatsa. Kuma duk yadda sifirin ya ƙara ƙarfi, haka bindigar ke ƙara zabura a kafaɗa, saiti ya lalace. Gwajin da nake ba mutane shi ne wannan: yaro ya iya ɗana ta shi kaɗai ba tare da ya murtuke fuska ba, kuma in ya sa gindinta a lanƙwasar gwiwar hannunsa, yatsansa ya kai kunama. Ƙananan irin su HW30 ta kamfanin Weihrauch don haka aka yi su. Wadda ’yan Amurka ke yawan aikowa, Daisy Red Ryder, tun 1940 ake ƙera ta kuma ba ta da ƙarfi sosai, amma ƙwayar ƙarfe take harbawa, ita kuwa ƙwayar ƙarfe in ta daki bulo ko kwano dawowa take yi. A gidajenmu da ko’ina siminti ne, na fi tsoron ta a kan mai dalma, wadda ke lotsewa in ta sami abu mai tauri. Sai dai dalma guba ce. Yara na da ɗabi’ar tara ƙwayoyin a baki don saurin lodi, kuma duk wanda ya tuna yaran Zamfara na 2010 ya san abin da dalma ke yi wa ƙwaƙwalwar yaro.

Sai maganar gyara a gida, wadda ita ce ta fi damuna. Muna da makanikai masu hannu, wanda ya iya kwance injin babur gani yake bindigar iska ba komai ba ce. Ai sifirin da ke cikinta a matse yake ko ba a ɗana ba. Ka cire fil ɗin ƙarshe ba tare da abin dannewa ba, murfin ya yi tsalle ya same ka a haƙori. Akwai kuma masu ɗiga man inji a ramin iska don su ji ta yi ƙara kamar ta gaske. Abin da ke faruwa shi ne man na kamawa da wuta saboda matsin iska, kamar yadda injin dizal ke aiki, ya ƙone robar fistin, wani lokaci ya karya sifirin. Masu goge kunama don ta yi laushi kuwa, su ne ke haifar da bindigar da ke tashi da kanta in an jingine ta ta faɗi. Gyaran da na yarda da shi kaɗan ne: ɗaure sukurorin katako da suka saki, daidaita saiti, gwada ƙwaya iri biyu ko uku a ga wadda ta fi taruwa wuri guda, a goge ƙarfen kada ya yi tsatsa. Kuma kada a riƙa harba ta ba ƙwaya a ciki, yana cinye fistin.

Wani zai ce ai mu ma da danƙo muka tashi, ba abin da ya same mu. Akwai waɗanda ya samu, kowace unguwa tana da mai ido ɗaya da zai ba ka labari. Ko jifa da tsakuwa tsakanin yatsu ma hadisi ya hana, kuma dalilin da aka bayar ido ne da haƙori.

Amma abin da ya sa na ce lamarinmu dabam yake da na yaron Bature mai bayan gida da shinge, shi ne inda muke zaune da yadda ake kallonmu. A Nima ko Aboabo, ina za ka sami mita 10 da ba mace mai wanki ko yaro mai rarrafe a bayan abin da kake saitawa? Sannan daga nesa ba mai bambance bindigar iska da ta gaske. A Agustan 2014, ’yan sanda sun harbe John Crawford a cikin kantin Walmart a jihar Ohio yana riƙe da bindigar iska da ya ɗauko a kan kantar shagon. Mu kuwa ba sai mun je Amurka ba. A Yulin 2018 aka harbe samari bakwai ’yan Zangon Asawase a Manso Nkwanta da sunan ’yan fashi ne, daga baya kwamitin da gwamnati ta kafa ya ce bai ga shaidar hakan ba. Yaron Zango da ya fito lungu da magariba riƙe da abu mai bututu da katako, ba wanda zai tsaya tambayarsa jul nawa ne.

Don haka kafin a loda ta a duro, wanda ke gida ya je ofishin ’yan sanda mai rajistar bindigogi ya tambaya, ya karɓi amsa a rubuce, kada a tsaya jayayya da kwastan a Tema. In ta iso, makullin akwatin yana hannun uba, ƙwayoyin a wani wuri dabam. Ranar da za a harba, a fita gona ko fili bayan gari, a jera buhunan yashi a bayan takardar saiti, yaro ya sa gilashin kare ido, babba yana tsaye. Wanda ba shi da filin kuma ba shi da lokacin tsayuwar, ya ce wa kawu ya aiko keke.