Bishiyoyin da muke dasawa don hoto

1/ Zan yi magana kan ƙungiyoyin kare muhalli na ɗalibai a jami'o'in mishan, irin wadda nake ciki. Na san wasu abokaina ba za su ji daɗi ba. Ku karanta har ƙarshe kafin ku biyo ni DM. 🧵

2/ Kowace 5 ga Yuni, Ranar Muhalli ta Duniya, tsarin ɗaya ne: korayen riguna, addu'ar buɗewa, babban baƙo ya riƙe shebur, a dasa bishiyoyi, a ɗauki hoto, a ci shinkafa a watse. Ku koma wurin a watan Maris. Ramuka ne da busassun sanduna.

3/ Dalilin a fili yake. Damina ke yi mana ban ruwa kyauta har wajen Oktoba. Daga nan sai hunturu, sai bazara, wata biyar ko shida ba ɗigon ruwa, ga awakin maƙwabta suna kiwo. A lokacin mu kuma muna jarrabawa, ko mun tafi hutun Kirsimeti.

4/ A duk taron nan sai an karanta Farawa 2:15. To ai aiki biyu aka ba Adamu a wurin, noman gonar da kuma kiyaye ta. Mun rungumi na farko don shi ne ke da hoto. Ɗaukar bokiti a zafin Afrilu kuwa, wa zai ɗora shi a Instagram?

5/ ('Yan'uwa Musulmi, kar ku yi dariya, ku ma kuna da kalmar amana, kuma na ga naku ramukan.)

6/ Ga wani labari daga Maraɗi, nan Nijar. Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya mai aiki da mishan ta SIM, ya yi shekaru yana dasa bishiyoyi suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsiron da manoma ke sarewa a gona ba ciyawa ba ne, kututturen bishiyoyi ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa.

7/ Sai ya fara aiki da manoma: a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, a sassabe sauran, a kare su. Wuƙa ce kawai da haƙuri. An ƙiyasta bishiyoyi kusan miliyan 200 sun dawo a hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, kuma manoman ne suka yi aikin. Mu fa, mun taɓa duba kututturen da ke bayan ɗakunan kwananmu?

8/ A Amurka ma, Jami'ar Calvin ta Kirista da ke Michigan ta ɗauki rafi ɗaya tak da ya gurɓace, Plaster Creek, tun 2009. Ɗalibai na gamawa suna tafiya, sababbi na gadar aikin a rafin. Mu kowane sabon shugaban ƙungiya da nasa sabon filin, don a ce shi ya fara.

9/ Hukumar makaranta ma ba ta tsira ba. Makarantar da ke iya ƙirga wanda bai zo sujada ba ranar Lahadi, har ta hukunta shi, ba za ta ce ta kasa ƙirga bishiyoyin da suka rayu ba. Kuma har yanzu ƙona ledar fiya wata ake yi a bayan katanga, hayaƙin na shigo mana ɗaki.

10/ Abin da zan kai taronmu na gaba: bana kar mu dasa fiye da 30. Kowace a damƙa wa ɗan aji ɗaya, da sunansa a jiki, ya riƙe ta har ya gama. A kewaye ta da ƙaya. Ruwan wankin da muke zubarwa a kwata a kai mata. Wanda ke zaune kusa ya karɓi na masu tafiya hutu.

11/ Hoton kuma a ɗage shi zuwa 31 ga Maris, a kira babban baƙon ya zo ya ƙirga da kansa.