Kada Tina Ta Raba Yaranmu Da Sana'ar Fenti



Potiskum gari ne na manyan motoci, kuma kusan kowace tirela da ke fita da shanu ko hatsi tana ɗauke da rubutu ko zane a jikinta. Masu wannan aiki 'ya'yanmu ne da ƙannenmu. Sai dai mu duba hannuwansu: fata ta bushe ta tsattsage, ga ƙaiƙayi, ga ciwon kai da jiri da yamma. Da yawa suna cewa borin jini ne. Sau da yawa tina ce, da fetur ɗin da suke wanke hannu da shi.

Tina tana cinye maiƙon fata, tururinta kuma yana shiga huhu. Fetur na ɗauke da sinadarin benzin, wanda likitoci suka tabbatar yana iya jawo kansar jini. Idan kuma jiki ya riga ya ƙi wani sinadari, da wuya ya sake karɓarsa. Daga nan sai yaro ya ajiye burushi, shekarun koyo su tashi a banza.

Masu zane da fentin mai a Turai da Amurka sun gamu da irin wannan matsala, amma ba su bar sana'a ba. Wasu suna kwaɓa fenti da kakin zuma mai laushi, ba tare da ɗora shi a wuta ba, su shafa da 'yar wuƙa maimakon burushi, don haka wankin burushi da tina ya ragu. Wasu kuma da mai da sabulu suke wanke kayan aikinsu.

Ba mu ce a kwaikwaye su ido rufe ba. Yawancin wannan haɗi na kaki akwai ɗan sinadarin narkarwa a ciki, kuma kakin zuma yana narkewa a zafin digiri 62 zuwa 64, yana yin laushi tun kafin nan. Bai dace da jikin mota a ranar Afrilu ba. Amfaninsa na masu zanen hoto ne da ake ratayewa a ɗaki. Darasin dai shi ne, idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Kiranmu ga iyayen gidan sana'a: a yi feshi a fili inda iska ke kaɗawa, a saya wa yara safar hannu da takunkumin da aka yi don tururin fenti, domin ƙyalle ba ya tare shi. A goge hannu da man gyaɗa, sannan a bi da sabulu. Inda fentin ruwa zai yi aiki, kamar bangon ɗaki, a yi da shi. Wanda fatarsa ta fara tsagewa ya je asibiti, ya gaya wa likita sana'arsa.

Mun san za a ce kuɗi. To, mu masu kai aiki mu daina matse farashi har ya kai ga lafiyar yaro ce ke cike giɓin.

Allah Ya ba mu lafiya da abin yi.

Sakataren Ƙungiya