Alƙalami Ba Fartanya Ba Ne

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata mummunar al'ada da ta yi mana katutu, kuma yau sai na faɗe ta ko da za a ji haushina. Da zarar an fito daga ɗakin jarrabawa sai ka ga kowa yana yarfa hannu, yana murza babban yatsa, har wani ya riƙa bugun ƙirji wai sau uku ya nemi ƙarin takarda. Mun mai da ciwon hannu shaidar ƙoƙari. Ni kuwa na ce wauta ce, kuma laifin namu ne da na waɗansu malamanmu.

Ku shiga cikin birnin Kano ku sha mamaki. Alarammomi na zaune a zaure suna rubuta izu sittin da ka, wata da watanni. Marigayi Sharu Bala Gabari ya ƙare rayuwarsa a wannan aiki, har rubutunsa ya zaga ƙasar Hausa. To, yaya awa uku kacal ke kayar da mu? Asirin yana wurin alƙalamin gamba da ake sayarwa a Kasuwar Kurmi. In ka danne shi bakinsa ya lalace, don haka dole hannu ya koyi sassauci. Kowane 'yan kalmomi sai an tsoma shi cikin tawada, yatsu su sami sararawa. Ga shi kuma tun yana ƙolo hannun ya saba.

Mu fa? Biro ga shi siriri, sai mu shaƙe shi kamar wuyan ɓarawo, mu danna har rubutu ya fito a shafi na uku. Jijiyoyin da ke motsa babban yatsa ta wata 'yar matsattsiyar hanya suke bi a gefen wuyan hannu, in an takura su sai zafi da kumburi. Wannan ba sabon ilmi ba ne. Tun 1713 wani likitan Italiya, Ramazzini, ya yi bayanin ciwon hannun magatakarda. Sa'an nan tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta, darasi ma a waya muke ɗaukar hotonsa. Hannun da ya yi zango guda bai rubuta shafi biyu a jere ba, shi za a ce ya yi goma sha biyu rana ɗaya? Haba! Ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganin ba na kuɗi ba ne. Tun saura mako huɗu, ka zauna kullum ka yi rubutun rabin awa da biron da za ka shiga da shi. Zaɓi mai kauri mai sakin tawada, in babu ka naɗa masa roba ko filasta. Riƙe shi da yatsu uku sakwa-sakwa, damtse ya riƙa jan hannu, kada ka bar wa babban yatsa aikin shi kaɗai. In lokacin hunturu ne, murza tafukanka su yi ɗumi. Tsara amsarka kafin ka fara, kuma duk bayan minti ashirin ka ajiye biro, ka buɗe yatsu ka yarfa. In ciwon ya kwana biyu, ko hannu ya riƙa mutuwa, sai wurin likita.

Ku kuwa malamai masu auna amsa da kamu, don Allah ku ji tsoron Allah. Muddin yawan shafi ne ke ba da maki, ɗalibi zai yi ta zuba surutu har hannunsa ya sage, tambayar ƙarshe kuwa a bar ta fayau. Ku faɗa mana ƙarara cewa shafi biyu masu ma'ana sun fi shida na shirme, kuma wanda ya zo da takardar likita a ƙara masa lokaci. Kai aka zo aunawa, ba ƙarfin yatsa ba.

Allah ya ba mu sa'a, amin.