Daga Marmarar Majema Zuwa Ɗakin Bincike

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wani fanni na ilmin sinadarai da muke yi wa kallon ba namu ba ne, alhali kuwa tushensa yana nan a unguwar majema. Fannin shi ne ɗaure siraran fallayen folima da sinadari don amfanin asibiti da renon ƙwayoyin halitta. Ra'ayinmu shi ne lokaci ya yi da za mu shiga cikinsa da kayanmu na gida.

Folima dogayen sarƙoƙi ne na ƙwayoyin sinadari, kamar kolajin da ke cikin fata, da jelatin da ake samu idan an dafa ta. In aka shanya ruwan jelatin ya bushe, sai ya zama falle siriri, amma da zarar ya ji ruwa mai ɗumin jikin mutum, wato digiri 37, sai ya narke. Misalinsa kamar tsiwa ce da aka jera ba a ɗaure ba; sai an bi ta da igiya a gicciye kafin ta zama asabari. Wannan ɗaurin gicciye shi ne aikin sinadarin.

Duniya ta ci ribarsa ƙwarai. A ƙarshen shekarun 1960, likita Alain Carpentier na Faransa ya jiƙa murfin zuciyar alade a sinadarin gulutaraldihaid, ya sami abin da za a dasa wa mutum ya daɗe yana aiki. A 1981, Ioannis Yannas da John Burke na Boston suka ba da sanarwar fatar wucin gadi ta kolajin ɗaurarre, wadda suka rufe raunukan masu mummunar ƙuna da ita; hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 1996. Sa'an nan a 2006, masu bincike a Jami'ar Pennsylvania suka nuna cewa taurin shimfiɗa kaɗai yana juya makomar ƙwayoyin asali: mai laushi ta karkata su wajen zama na jijiyar ƙwaƙwalwa, matsakaiciya na tsoka, mai tauri na ƙashi. Yawan ɗauri kuwa shi ke yanke wannan tauri.

To, mene ne jima in ba wannan ba? Majemi da ya tsoma fatar jar akuyar Sakkwato cikin ruwan bagaruwa, sinadarin tanin ne yake sa wa ya riƙe zarurrukan kolajin don kada ta ruɓe. Irin wannan fata ce ta ratsa Sahara har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Yanayin ɗaurin tanin ya bambanta da na gulutaraldihaid, amma manufa ɗaya ce, kuma majemi ya riga mu sanin babban darasin: komai da gwargwado. In ɗauri ya gaza, falle ya narke. In ya zarce, ya yi gautsi. Ragowar gulutaraldihaid da ba a wanke ba guba ce ga ƙwayoyin halitta, kuma murfin zuciya da aka ɗaure da shi yakan tara alli bayan shekaru. Shi ya sa masana suke gwada masu sauƙin illa, irin su EDC, wanda ragowarsa ke bin ruwa, da jenifin na 'ya'yan itacen gadeniya. Ashe neman maɗauri daga tsirrai bincike ne na gaske, ba koma-baya ba.

Wani zai ce ina mu ina wannan, ga wutar lantarki ba tabbas, alhali akwatin renon ƙwayoyi yana bukatar digiri 37 dare da rana. Gaskiya ne. Amma rabin aikin, wato zuba falle, da ɗaure shi, da auna kumburinsa a ruwa da ƙarfinsa, ba ya bukatar abin da ya wuce ɗakin gwaji na sashen sinadarai. Ɗaya rabin, gwajin guba a kan ƙwayoyi masu rai, shi ne ba mu yarda a tsallake ba, domin fallen da ba a gwada ba bai cancanci kusantar raunin ɗan'adam ba, komai kyan ganinsa.

Saboda haka muna kira ga sassan sinadarai da na likitanci su daina zaman 'yan marina, su haɗa ɗalibansu a kundin kammala digiri guda. Cibiyar binciken fata da ke Samaru, Zariya, abokiyar wannan tafiya ce. Ku kuma yayyenmu da kuka kama aikin gwamnati, ranar da takardar neman akwatin reno guda da batirin hasken rana ta iso teburinku, ku tuna da yaron da tafasasshen mai ya ƙona yana kwance a asibiti. Mai nema yana tare da samu. Allah Ya sa mu dace.