Ido ɗaya ya ishi kyamarar makaranta, a daina ruɗa iyayen yara

Duk lokacin da ƙungiyar iyayen yara ta harhaɗa 'yan kuɗi ta ce za ta saya wa makaranta kyamara saboda fita yawon buɗe ido da ɗalibai, sai masu shawara su yi mata ca. Wannan ya ce a sayi idon kyamara uku, ɗaya na faɗi, ɗaya na hoton fuska, ɗaya na jawo nesa. Wancan ya ce wai idon da ke haɗa komai, irin mai 18 zuwa 200, kayan 'yan koyo ne, ƙwararre ba ya ɗaukarsa. To, mu ma ai 'yan koyo muke saya wa. Kuma ina so malamai 'yan'uwana da iyaye su ji dalilin da ya sa nake cewa shawarar ido uku ba ta yi mana ba a nan Anu Araren, ko Arlit, ko Akokan.

Idon kyamara shi ne abin da masu hoto a nan ke kira objektif, wato gilashin da ake murɗawa a gaban kyamara. Lambobin jikinsa milimita ne. Ƙaramar lamba, kamar 18, tana ɗauko fili mai faɗi. Babba, kamar 200, tana jawo abin da ke nesa ya cika hoto. Mai zum babba yana yin duka biyun da murɗa hannu kawai.

Masu kushe shi ba ƙarya suke yi ba, sai dai a wata ƙasa suka karanto darasinsu. Wanda ya rubuta cewa a riƙa sauya ido gwargwadon abin da za a ɗauka bai taɓa tsayawa a bakin hanyar Agadas zuwa Arlit cikin watan Janairu ba. Mu nan ƙura biyu muke sha, ta hamada da ta gawayin da SONICHAR ke haƙowa don ba garuruwan uraniyom wuta. Duk sanda aka cire ido, cikin kyamara a buɗe yake, kuma ƙurar da ta sauka a kan faifan da ke karɓar hoto ba ta fita da hurawar baki. Daga ranar kowane hoto mai sararin sama sai ya fito da ɗigo-ɗigo baƙaƙe a wuri ɗaya. Na ga kyamarar wata makaranta da ta koma haka kafin shekara ta zagayo, ga ido uku a jaka, ga hotuna kamar an yayyafa musu barkono. Wa zai share ta? Sai an sami mai tafiya Yamai, a ba shi amana, a jira. Yanzu a ɗora wannan aikin na cirewa da mayarwa a hannun yaro ɗan shekara goma sha uku, iska na kaɗawa, 'yan ajinsu arba'in na turereniya a bayansa.

Sannan a dubi abin da muke kai yaran su gani. A Dabus, raƙumin dawan da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce ya haura mita 5. Yaro na buƙatar 18 don ya ɗauke shi gaba ɗaya, nan take kuma yana buƙatar ya jawo zanen jikin fatarsa ba tare da ya taka dutsen ba, wanda dama bai kamata a taka ba. A Agadas, hasumiyar babban masallaci mita 27 ce, tsohon garin kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2013. Daga lungu sai ido mai faɗi, amma itatuwan da suka fito daga jikin hasumiyar can sama sai an jawo su. A taron Ingal na watan Satumba kuwa, mai raƙumi ba zai ja linzami ya jira ka sauya gilashi ba. Kafin ka buɗe jaka ya wuce, ya bar ka da ƙura.

Aibinsa fa? Akwai, kuma ba zan ɓoye wa iyaye ba. Galibinsu an rubuta musu f/3.5-6.3, ma'ana da zarar an jawo nesa sai ƙofar haske ta tsuke, hoton bayan magariba ko na cikin aji mai duhu ya yi wahala. Gefen hoto ba ya kai tsakiya kaifi. Kuma da yake bututunsa na fita yana komawa, shi ma yana ɗan shaƙar ƙura, amma ba a haɗa wannan da buɗe cikin kyamara a fili. Batun haske kuwa dariya yake ba ni. A Ayar aka ce rana za ta yi mana kaɗan? Shi kuma kaifin gefen nan, sai an buɗe hoton a kwamfuta an kumbura shi sannan a gane. Hotonmu a bangon aji zai ƙare, ko a jaridar makaranta, ko a WhatsApp na iyaye.

Akwai kuma masu cewa a bar zancen kyamara, waya ta isa. Ta isa ga hoton taron 'yan aji. Amma yawancin wayoyin da ke hannunmu ba sa jawo komai, yanko tsakiyar hoton kawai suke yi su faɗaɗa, shi ya sa tsuntsun da ke kan dabino yake fitowa kamar tabon tawada.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kuɗin. Tun da aka rufe COMINAK a ƙarshen Maris na 2021, gidaje da yawa a Akokan sun san yadda jikka ɗaya ke da nauyi. Uban da ya cire ta daga kuɗin cefane ya kawo makaranta bai kawo ta don a burge masu hoto na Turai ba. So yake ɗansa ya dawo da hoton ƙasarsu da ya ɗauka da hannunsa, tunda mafi yawan hotunan Ayar da muke nuna wa yara a aji baƙi ne suka ɗauka.

Ga wanda aka ɗora wa sayayya, kada babbar lamba ta ruɗe shi. Tamron ta fitar da mai 18-400 a 2017, Sigma ta taɓa fitar da 18-300, Nikon ta taɓa fitar da 18-200, amma a hannun yaro 400 rawa yake yi, 200 ya wadatar. A tabbatar yana da abin rage girgizar hannu, wanda Nikon ke rubuta wa VR, Tamron VC, Sigma OS. A tafi da kyamarar kanta wurin mai sayarwa a ɗaura a gwada, don bakin Canon ba ya shiga Nikon, kuma sababbin kyamarori marasa madubi bakinsu daban ne. In na hannu ne, a jawo shi ƙarshe, a ɗauki hoton rubutun wani allo daga nesa a karanta. A ƙara da gilashin kariya na gaba da 'yar robar hura iska. Sai a ɗaura shi sau ɗaya a cikin ofis, taga a rufe, a faɗa wa yara da malamai cewa maɓallin cire ido ba na taɓawa ba ne.